Idon Dillali a Karar Maigatari

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, amma tun Laraba dabbobi ke fara sauka. Wasu a ƙasa ake koro su daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel, wasu kuma daga ƙetaren iyaka suke zuwa, ta Dungas da Magarya, har daga can cikin Damagaram. Kafin rana ta take, kara ta cika maƙil: shanu a nasu ɓangaren, tumaki da awaki a nasu, raƙuma sun durƙusa suna tuƙa, jakuna da dawaki na gefe. Da la'asar tireloli sun jeru ana lodi zuwa Legas da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. Kasuwa ce da ƙasa biyu ke ci da ita, shi ya sa da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 kowa ya ji a jikinsa, kuma da aka tashi buɗewa a Disamban 2020 Maigatari na cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe.

A tsakiyar wannan hayaniya akwai wani mutum da sanda a kafaɗa, rawani ya rufe masa hanci saboda ƙura. Shi ne dillali. Yawancin mutane abin da suka sani game da shi bai wuce la'ada ba: ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, wannan ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta ja har a kai ga sallamawa, shi kuma ya karɓi nasa. Wannan rabin aikin ne kawai, kuma rabin da ya fi sauƙi. Ɗaya rabin shi ne lamuni. Baƙon da ya zo daga Onica ya sayi bijimi goma bai san mai su ba, kuma ba zai sake ganinsa ba. Dillali ya sani. In bayan mako biyu aka ce ɗaya daga cikin bijiman na sata ne, ba a bin baƙo, wuyan dillali ake kamawa, a ce ya fito da wanda ya kawo masa. Mutumin da ke ɗauke da irin wannan nauyi dole idonsa ya zama littafinsa, kuma babin farko a littafin nan launin gashi ne.

Ka tsaya ka kalli gogaggen dillali in an kawo masa saniya. Ba ya saurin taɓa ta. Daga nesa yake farawa, ya ga tafiyarta, ya ga yadda take bin wanda ya riƙe igiyarta, don dabbar da ta saba da mutum ba ta tirjiya irin ta wadda aka kwance daga turke da tsakar dare. Sannan ya matso. Ya dubi launin jiki gaba ɗaya, ya dubi inda launin ya sauya: goshi, kunne, leɓe, ƙasan ciki, gwiwoyi, bakin wutsiya. Ya kama hanci ya buɗe baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, kuma su ke faɗin shekaru: manya biyu na farko suna fitowa bayan ta haura shekara biyu, daga nan huɗu, shida, har ta cika baki wajen shekara biyar. Ya murza kunne ya ga tsagar da aka yi mata tun tana maraƙa. Ya shafa cinya da wuya yana neman shaidar wuta, ya bi ta da yatsa, don tabon da ya daɗe a shafe yake, gashi ya kewaye shi, sabo kuwa yana da kaushi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, daga wane gari? Wa ya san ka a nan?" Tambayar ba ta raini ba ce. Duk mai dabbar halak ya san za a yi masa ita, kuma da amsarsa yake zuwa.

Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Yaro yana farawa da riƙon igiya da kai dabba wurin ruwa, yana jin abin da maigidansa ke faɗa, shekara da shekaru, kafin a yarda ya yi ciniki shi kaɗai. Abin da yake tarawa a kansa ba kaɗan ba ne. Ya san Bunaji, farar saniya mai baƙin kunne da baƙin hanci, wadda in ka buɗa farin gashinta za ka tarar fatar baƙa ce. Ya san Rahaji, ja wur mai dogayen ƙahoni, ta Bararoji. Ya san Bokolo mai gajeren ƙaho da saukakken leɓe, da Azawak da ke gangarowa daga Nijar. A tumaki ya san Uda, wadda gabanta baƙi ne ko ja, bayanta fari, rabuwar launin a tsakiyar jiki. Da Balami fari sol mai girman jiki, wanda masu layya ke rububi. Da 'Yanƙasa mai baƙi a zagayen ido da baki. A awaki akwai jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta ƙetare Sahara tun zamanin ayari har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can take isa gare su. Jakuna ma da sunayensu: auraki, duna, idabari, fari.

A dawaki ne harshen ya fi yalwa, kuma ba mamaki a ƙasar da ke da fada da hawan salla. Gumel masarautar Mangawa ce da aka kafa wajen 1750, ta yi zamanta tana bin Barno, jihadi bai ci ta ba, kuma doki na cikin abin da ta kare kanta da shi. Akawal, kili, danda, hurde, bikili, gunya, bidi: kowane suna launi ne takamaimai, wanda in an faɗa wa masani zai ga dokin a zuciyarsa tun bai iso ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikin irin waɗannan sunaye, amma a bakin dillalai da barorin doki suke raye. Abin da ke damuna shi ne matasa da yawa yanzu "fari" da "baƙi" da "ja" kawai suka iya. Mutumin da launi uku kawai ya sani ba zai iya cigiyar dokinsa ba.

Cigiya ce wurin da wannan ilimi ke zama shari'a. Mutum ya wayi gari a wani ƙauyen Gagarawa ya tarar turke wayam, shanun huɗarsa biyu babu. Masu bin sawu su bi har inda sawun ya hau kwalta ya ɓace. Daga nan sai kasuwa. Ya zo wurin shugabannin kara ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, cigiya nake." Ba za a kai shi cikin shanu a ce ya nuna ba. Za a zaunar da shi a ce, "To Alhaji, siffanta mana." Dole ya faɗi launi, da yadda ƙahon ya tashi, da haƙori nawa, da tsagar kunne, hagu ko dama, da wani tabo da shi kaɗai ya sani, kamar inda karkiya ta ci wuya ko inda aka yi lalas saboda ciwo. Sai an ji wannan duka sannan a baza magana cikin dillalai. Ƙa'idar tsohuwa ce, kuma malaman fiƙihu sun san ta a babin tsintuwa: mai neman abu shi ke fara faɗin alamominsa kafin a nuna masa. Hikimar a fili take. Kowa na iya nuna bijimi mai ƙiba ya ce nasa ne, amma ba kowa zai san akwai ɗigon baƙi a ƙarƙashin wutsiyarsa ba.

Dillalan kirki sun san iyakar launi, kuma wannan ne ya sa nake girmama su. Farin sa mai baƙin kunne, akwai ɗaruruwa irinsa a kara ɗaya ranar Alhamis ɗaya. Launi yana rage yawan waɗanda za a duba ne kawai, ba ya kama ɓarawo. Sai alama ta biyu da ta uku sun hau kansa, sai an ji ta bakin wanda ya kawo dabbar da wanda ya tsaya masa. Sun kuma san launi na yaudara. Ɓarawo na iya yanke kan ƙaho, ya ƙara tsaga a kunne, ya ɗora sabuwar shaida kan tsohuwa, ya shafa wa farin rago lalle. Ko ba ɓarawo, shekaru na sauya gashi. Duk wanda ya yi kiwon doki ya san kili ba a haifarsa fari: da duhunsa yake zuwa duniya, yana girma yana haske. Wanda dukushinsa ya ɓace shekara huɗu da suka wuce, in ya zo yana cigiyar baƙin doki, yana iya wuce nasa a tsaye bai gane shi ba.

Akwai kuma inda idon dillali ke tsayawa cik. In an yanka dabbar cikin dare, aka feɗe, aka ɓatar da fata da kai, nama kawai ya rage a kan tebur, to magana ta ƙare. Nama ba shi da launin gashi, ba shi da tsagar kunne. Masu satar da suka san aikinsu a nan suke fakewa.

Daidai wannan wurin ne wata sana'a ta daban ta fara, a ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashen Turai, kuma na ga ya dace mai karatu ya san ta, don 'yar'uwar ta dillali ce ta wata fuska. Dillali yana ganin gashi ya gano asali. Su kuwa suna duba asali su faɗi gashi.

Launin gashi, na mutum ko na dabba, daga sinadari guda yake fitowa mai suna melanin, kuma iri biyu ne: ɗaya mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, ɗaya mai ba da ja da rawaya. Ƙwayoyin gado ne ke tsara wanne zai rinjaya. A 1995 masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa jan gashin da ake gani a wasu Turawa yana da alaƙa da sauye-sauye a wata ƙwayar gado mai suna MC1R. A shekarar nan dai wasu masana a Norwe suka nuna ita ce ke raba baƙar saniya da ja, kuma a 1996 aka same ta a jan doki. Ƙwaya ɗaya, a mutum da saniya da doki. Sirrin kili ma an gano shi a 2008 a Jami'ar Uppsala ta Suwidin: wani ɗan yanki ne da ya maimaitu a ƙwayar STX17 ke sa dokin furfura da wuri. Abin da barorin sarki suka sani da ido tun kaka da kakanni, sai ga shi an nuna inda yake zaune a cikin jini.

Shi kansa tunanin cewa launi na ɓuya a zuriya ya sake ɓullowa ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wani mutum ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launin yaron ya saɓa da nasa. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akwai mai ruwan toka a cikin jajayen, da kuma daga ina wannan ya samo nasa launin. Da mutumin ya ce wataƙila gado ne daga kakanni, aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Da misalin makiyayi aka kare mutuncin mace, aka kuma hana a yanke hukunci da launi.

Yadda aka shigo da wannan ilimi cikin binciken laifi kuwa, ga shi. Tun 1984, lokacin da Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutane da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a Jami'ar Lesta ta Ingila, aikin gwajin shi ne gwadawa: a ɗauki jini ko gashi daga wurin da aka yi laifi, a gwada da na wanda ake zargi, a ga ko sun dace. To in babu wanda ake zargi fa? A nan ne Manfred Kayser da Susan Walsh da abokan aikinsu a cibiyar Erasmus ta Rotadam, a ƙasar Holan, suka fito da wata dabara. A 2013 suka wallafa tsarin da suka kira HIrisPlex, wanda ke duba wurare 24 a cikin DNA ya faɗi launin ido da na gashin mai shi, ko da ba a taɓa ganinsa ba. A 2018 aka faɗaɗa shi zuwa wurare 41, aka haɗa da launin fata. Ba tabbas yake bayarwa ba, rinjaye yake faɗa. A gwajinsu na farko ya dace a kusan kashi 87 cikin 100 na masu baƙin gashi, kashi 80 na masu ja, amma bai kai kashi 70 ba a masu gashi ruwan zinare. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaran Turawa da yawa gashinsu na yin duhu in sun girma, matsalar kili ke nan ta juyo da baya. Da wannan tsari aka duba ƙasusuwan Sarki Richard na Uku na Ingila, waɗanda aka tono a Lesta a 2012, aka ce rinjayen shuɗin ido kashi 96 ne, na gashi ruwan zinare kashi 77. Holan ta halatta irin wannan bincike a dokarta tun 2003, Jamus kuwa sai 2019, bayan doguwar muhawara.

Abin da ya tura Holan ga wannan doka ya cancanci a tsaya a kansa, don ya shafe mu. A 1999 aka kashe wata yarinya 'yar shekara 16, Marianne Vaatstra, a arewacin ƙasar. Kusa da wurin akwai sansanin 'yan gudun hijira, nan take mutanen yankin suka ɗora laifin a kan baƙi, har aka yi tarzoma. Da wani masani ya duba DNA ɗin da aka samu a wurin, sai ya ga alamun sun fi karkata ga ɗan asalin yankin Turai ta arewa maso yamma. Sai a 2012, bayan an gwada dubban mazan yankin, aka kama mai laifin: wani manomi ne da ke zaune kusa da wurin. Shekara goma sha uku baƙi na ɗauke da zargin abin da ɗan gida ya aikata. Duk wanda ya zauna a karkarar Jigawa ya san yadda ake yi in dabba ta ɓace: kafin a bi sawu an riga an nuna rugar da ke bayan gari, ko baƙon da ya ƙetaro daga Nijar. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma maƙwabci ne ya kwance. Dillalin da ya ce sai an siffanta, sai an kawo alama, yana tsare mutuncin mutanen da ba su da mai tsaya musu.

Shin gwajin launin gashi zai amfane mu a nan? A kan mutane, amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, kuma gara a faɗi haka kafin wani ya zo ya sayar mana da shi. In aka gwada jinin da aka samu a wani gida a Gumel aka ce mai shi baƙin gashi ne da baƙin ido, an siffanta kusan kowa daga Maigatari har Kano. An gina tsarin ne a kan Turawa, inda launin gashi ya rarrabu. Bambancin gashin da muke gani a tsakaninmu kuwa, yawancinsa ba wanda gwajin ke nema ba ne: furfurar tsufa, gemun da aka rina da lalle, jan gashin yaron da tamowa ta kama. Zabiya ne kaɗai gadonsa ya fito fili, shi kuma ba ya bukatar gwaji kafin a gane shi.

A kan dabbobi ne nake ganin ƙofa a buɗe, don a nan ne launi ya yalwata, a nan ne kuma asarar take. Ko a nan, ba hasashen launi ne zai fi amfani ba, gwadawa ce. A Afirka ta Kudu 'yan sandan da ke yaƙi da satar dabbobi sun daɗe suna kai nama ko jini ɗakin gwaji a haɗa shi da fatar da aka tsinta a daji, ko a gwada maraƙin da ake jayayya a kansa da saniyar da aka ce ita ta haife shi. Wannan amsa ce kai tsaye ga matsalar naman da ke kan tebur. Sai dai yawancin binciken launin shanu a kan shanun Turai aka yi shi, marasa tozo. Bunaji da Rahaji da Uda suna jiran nasu masanan. Muna da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya, muna da jami'a a Dutse, Nijar na da cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi, kuma tun 2024 Najeriya na da ma'aikatar tarayya ta harkar dabbobi. Ɗalibin da ke son sanin abin da ke raba jikin Uda gida biyu ba sai ya je Turai neman samfuri ba. Ya zo Maigatari ranar Alhamis da 'yan ambulan, ya nemi izini, ya tsinki gashin wutsiya da saiwarsa. Amma kafin ya tsinka, ya zauna da dillali ya rubuta sunan launin kamar yadda ake faɗarsa a kara, don gwajin da ba a san ainihin abin da ake neman hasashensa ba aikin banza ne, kuma dillali ya fi kowace takardar cikewa iya rarrabe launi.

Ɗakin gwaji kuwa nesa yake da mu, kuma da tsada. Cibiyar DNA ta Jihar Legas, wadda aka buɗe a 2017, tafiyar yini da kwana ce daga nan, kuma ba don bunsurun talaka aka gina ta ba. Saboda haka abin da za a iya yi gobe ba ya bukatar na'ura. Takardar da ake yanka wa mai sayen dabba a kasuwa, in ana rubuta launi da haƙori da tsagar kunne da shaidar wuta da sunan dillalin da ya tsaya a jikinta, da rabin rigimar cigiya ta mutu tun a kara. Yaran dillalai sun riga sun fara nasu: yanzu in dabba ta ɓace, hotonta na yawo a WhatsApp daga Maigatari zuwa Gujungu kafin kasuwar Lahadi ta ci. Hoto na taimakawa, amma daga gefe ɗaya ake ɗaukarsa, ba ya buɗe baki, ba ya juya kunne, kuma yawancin masu shanun huɗa ba su taɓa ɗaukar hoton shanunsu ba sai bayan sun ɓace sannan su tuna. Har yanzu in maganar ta kai gaban hakimi ko alƙali, tsohon dillalin nan ake aika wa ya zo ya duba, ya faɗi ko wannan san shi ne wanda aka siffanta ranar Alhamis ɗin da ta wuce.